Yadda Zammit Ya 'Yantar da Akwatin Gem

A gidan tsofaffin da nake zaune a garin Ingham, can bayan layin jirgin ƙasa mai jigilar rake, babu wanda bai san Merv Zammit ya yi shekara ashirin da shida yana aiki a kotu ba. Ba sai an tambaye shi ba, shi yake faɗa. Abin da ba ya faɗa shi ne irin aikin. Shi ne mai buɗe ƙofa, ya jera kujeru, ya cika tulun ruwa. Da ba za mu taɓa sani ba, sai Allah ya haɗa shi gida ɗaya da Noreen Tapscott, majistaren da ya yi wa masinja shekara goma sha ɗaya. Ƙofar ɗakinta tana kallon tasa.

In ya gyara zama ya ce, "Lokacin da muke yanke hukunci," sai ta ɗago kai daga jarida.

"Muke?"

"Ranki ya daɗe, ai kotu ƙungiya ce."

"Ƙungiya ce. Kai ne mai kawo ruwa."

Ni sunana Dulcie, kuku ce a kantin ma'aikatar sukari kafin gwiwoyina su yi ritaya su bar ni. Ina cikin ƙungiyar gidanmu ta wasan kwalabe. Wasan a akwatin gem ake yin sa, wato na'urar wasannin allo da ke ƙarƙashin talabijin a babban falo. Ka riƙe rimot, ka wurga hannu kamar mai mirgina ƙwallo, sai ƙwallon ta gangara a allo ta je ta kayar da kwalabe goma, ko ta faɗa kwata. Tawa ta fi son kwata.

Kowa yana da ɗan mutum-mutuminsa a cikin akwatin, wanda ya zana da kansa. Idan ba kai ke wasa ba, naka yana zaune a bencin 'yan kallo yana tafi. Marigayi Alfio Sorbello, wanda ya kawo akwatin gidan, ya zana nasa da sanƙo da jar riga da gashin baki kamar tsintsiya. Shekara biyu da rasuwarsa, amma yana nan a benci. Kullum bayan shayin safe matarsa Concetta takan kunna ta yi zagaye ɗaya, in ta kayar da kwalabe ya miƙe yana tsalle yana tafa mata.

"Shekara hamsin da biyu bai taɓa yaba min miya ba," in ji ta. "Ku dube shi yanzu."

Kowace shekara mutanen gidan tsofaffi na garin Tully sukan zo mu kara a kan wani kofin azurfa. Sau huɗu a jere suna zuwa da shi suna komawa da shi.

Saura mako biyu gasar, ranar Litinin, muka kunna akwati sai ga saƙo daga kamfanin da ya ƙera shi: an sabunta sharuɗɗa, a danna "Na yarda". Na ɗaga rimot zan danna kamar yadda muka saba, sai Zammit ya fizge shi.

"Dakata, Dulcie! Mutum ya sa hannu a takardar da bai karanta ba? A gabana?"

Ya sa tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ya ja kujera har hancinsa na taɓa talabijin, ya fara karantawa da ƙarfi. Daga karin kumallo har aka fara jin ƙamshin abincin rana yana karatu. Rabinmu sun yi barci. Can sai ya buga tsalle, iyakar tsallen da wanda likitoci suka sa wa sabon ƙugu zai iya.

"Kun ji? Kun ji ɓarayi? Wai abin da ke cikin akwatin ba sayar mana suka yi ba, izinin amfani suka ba mu! Kada a buɗe, kada a canza, kuma ranar da suka ga dama su yanke mu! Sun sayar mana da gida sun riƙe makulli! Dulcie, ke kuku ce. In kin sayi tukunya, mai tukunya zai biyo ki kicin ya ce ban da wake?"

Na ce a'a.

"To!"

Noreen ta ninke jarida. "Merv, ƙarfen da robar na wanda ya saya ne, wannan ba gardama. Abin da ke ciki su suna cewa aro ne. Kotuna sun daɗe suna kai da kawowa a kan irin wannan, yau a ba mai saye gaskiya, gobe a gyara doka. Ni kaina sai na duba littafi kafin in buɗe baki. Kafin ka taɓa komai, ka tambayi wanda ya sani."

"Ga shi a gabanki, ranki ya daɗe."

"Ina? Ka matsa, wataƙila ka tare shi."

Bai ji ba. Ya riga ya hau. Ya sha alwashin zai 'yantar da akwatin kafin gasa. In ya fasa makullin da kamfani ya sa, za mu zuba duk wasan da muke so: sukuwa, kamun kifi, dambe, ba neman izinin kowa. Ya ce shi ya taɓa gyara fankar kotu ana tsakiyar shari'ar kisan kai, lauyoyi suna kallo. Sannan ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Kuma ita ƙwallon nan, Dulcie, ana iya koya mata hanya."

Concetta ta ajiye saƙarta.

"Kai Merv. Ka 'yantar da duk abin da kake so da bakinka. Amma in ka taɓa min Alfio, zan dafa ka da tumatir."

"Haba Concetta! Alfio abokina ne. Shi ma ai 'yantar da shi zan yi."

Ranar Laraba bayan abincin rana, kowa ya tafi ɗan kishingiɗa, Zammit ya lallaɓa falo da wuƙar shafa bota a aljihu. Ƙarfe huɗu da rabi muka hallara, mu mata goma sha uku, don wasan kwaikwayon da muke bi a talabijin, kuma a ranar ne za a bayyana wanda ya turo likita daga bene. Wata shida muna jira. Muka tarar da shi zaune a ƙasa, kusoshi a cikin kofin shayi, yana riƙe da wani koren faranti mai wayoyi kamar wanda ya kamo kifi.

"Ga zuciyar zaluncin," in ji shi. "Na ciro ta."

Aka kunna talabijin, sai shuuu. Sesilia, nas ɗinmu 'yar ƙasar Tonga, mace mai faɗin kafaɗa da sanyin murya, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tebur. Akwatuna baƙaƙe biyu ne a wurin. Na gem yana nan lafiya lau, koriyar fitilarsa tana ƙyaftawa.

"Baba Zammit," in ji ta, "wannan da ka farke dikoda ce."

Duk muka juya muka dubi Zammit.

"Na sani," in ji Zammit. "Gwaji ne. Likita ma ba ya fara fiɗa a kan mai rai."

Ban san wadda ta fara jifa da biskit ba. Na dai san Noreen ta ce ba ta ga komai ba. Wata baiwar Allah da ba ta yi magana da kowa ba tun bikin Ista ta tura kekenta har gabansa, ta kira shi da wani suna da ba zan maimaita ba. Sai da muka buga wa 'yar wata a Townsville waya kafin muka ji wanda ya turo likitan. Matarsa ce. Sesilia ta ƙwace wuƙar, ta sanar da kicin cewa daga yau a riƙa shafa wa Baba Zammit bota tun kafin burodi ya iso teburi.

Muka ɗauka ya haƙura. Ashe ya yi odar kaya. Ranar Litinin mai zuwa ɗan ƙunshi ya iso ta gidan waya: wani ɗan ƙarfe bai kai farce ba, da filash, da takardar bayani cikin rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Ya je wurin mai kula da lambu ya aro ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo, ya ce zai liƙe tabarau. Ranar Talata, Concetta na gama zagayenta na safe, ya naɗe akwatin gem a tawul ya sa a kwandon keken dogarawarsa, ya ajiye baƙin gwangwanin biskit a gurbinsa. Har waya ya soka wa gwangwanin.

Ni na kama shi, don na ji ƙauri daga ɗakinsa. Na tura ƙofa na same shi da wayar hannu jingine da tulu, wani mutum da hannayensa kawai ake gani yana nuna yadda ake yi.

"Merv, ka haukace?"

"Rufe ƙofa! Zo ki ga makirci. Dubi kusoshin da suka sa, ba sukudireban da ke kama su. Don kada talaka ya ga cikin kayansa!"

"To yaya ka buɗe?"

Ya nuna min guduma.

"Mutumin cikin wayar nan ya ce a ɗiga dalma kaɗan," na ce.

"Shi yaro ne, yana tsoro. Ni in zan yi abu, yi nake."

Ya ɗora ƙarfen mai zafi a kan tawul don ya nuna min inda zai liƙa. Tawul ya fara hayaƙi. Ya ɗauke ya ɗora a kan jarida.

Ƙararrawar gobara ta gidanmu, in ta tashi, har a mahauta ana ji. Cikin minti goma an fitar da mu arba'in da ɗaya filin ajiye motoci, wasu a keke, wasu a gado, wani da kumfar aski a rabin fuska, ga ruwan Ingham yana zuba kamar da bokiti. Motar 'yan kwana-kwana biyu suka zo. Shugabansu ya shiga, ya fito riƙe da ƙonannen tawul da yatsa biyu, Zammit na biye da shi rungume da akwati a ƙarƙashin riga.

"Baba, me kake dafawa a ɗaki?"

"'Yanci," in ji Zammit.

"To ya ƙone."

Da yamma, bayan kowa ya sake kaya, aka taru a falo. Sesilia ta ɗauke gwangwanin biskit, ta mayar da akwatin, wanda yanzu salatif ke riƙe da shi. Zammit ya tsaya gefe yana murza hannu.

"Ku shirya ganin abin da ba ku taɓa gani ba."

Akwatin ya kunnu, abin mamaki. Sai dai ya daina jin yarenmu. Duk rubutun ya koma irin na takardar bayanin. Zammit ya ce wannan alama ce ta ci gaba. Ya danna nan, ya danna can, har ya kai shafin da mutum-mutuminmu suke jeruwa.

Babu kowa. Fari fat. Ba ni, ba Noreen, ba shi kansa. Ba jar riga.

Concetta ta miƙe a hankali ta matsa kusa da talabijin, ta duba kusurwa-kusurwa kamar mai neman yaro a kasuwa. Duk muka jira tumatir. Ta tattara saƙarta ta fita. Ba ta zo cin abincin yamma ba. Washegari ma ba ta fito shayi ba, kuma Concetta ko ranar jana'izar Alfio ta sha shayi.

Wannan ya fi biskit yi wa Zammit ciwo. Na same shi a baranda jikinsa ya yi sanyi.

"Dulcie, yana ciki. Na rantse yana ciki. Ɓoye shi suka yi don su karya min gwiwa."

"Su wa?"

"Kamfani mana!"

Ya ɗauki wayar falo ya buga musu, ya sa a lasifika don kowa ya zama shaida. Wata murya mai daɗi ta gaishe shi.

"Ki saurara da kyau, yarinya," in ji shi. "Da Mervyn Zammit kike magana, shekara ashirin da shida a harkar shari'a. Na ba ku sa'a ashirin da huɗu ku sako Alfio Sorbello."

Muryar ta ce in maganar saye ce ya danna ɗaya.

"Ba zan danna ba! Dannawa ce ta kawo mu nan!"

Muryar ta ce ba ta gane ba, ya sake faɗa. Ya sake faɗa, har da sassan doka da Noreen ta ce ba ta taɓa jin su ba. Aka sa masa kiɗa. Minti arba'in yana tsaye. Lokaci-lokaci muryar takan dawo ta ce kiransa yana da muhimmanci a wurinsu.

"Kun ji?" Ya juyo yana kallonmu. "Sun fara laushi."

Sai layin ya yanke.

Sesilia ce ta yanke shawara ranar Alhamis, da ta ga an dawo da farantin Concetta ba a taɓa ba. Ta zauna ta kalli bidiyon mai hannayen nan tun daga farko, wurin da Zammit ya tsallake don ya ce gaisuwa ce kawai. Ashe filash ɗin yakan kwafe duk abin da ke cikin akwati kafin ya fara aiki, don haka ana iya mayar da abin da ya ɓace. Ta kai Zammit ɗakin wanki, ta ajiye masa ƙaramar talabijin, ta ƙwace guduma da duk abin da ke zafi.

"Baba, ba ka fita sai ka dawo da mijin mutane. Ni ina da magunguna da zan raba."

Ya wuni a can Alhamis, ya wuni Juma'a. Ranar Asabar da safe ya fito da ido ja, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Concetta.

"Ya dawo," in ji shi ta jikin ƙofa.

"Ka tabbata?"

"Sosai ma. Ya dawo... sosai."

Kafin a samu a duba, motar Tully ta shigo. Su goma sha biyu ne, da kek ɗin ayaba tire uku da kofin azurfa. Kyaftin ɗinsu Harbans Gill, tsohon manomin ayaba mai shuɗin rawani, mutum ne da ban taɓa ganin ya yi sauri ko ya yi kuskure ba. Aka gaisa, aka zuba shayi, falo ya cika har da ma'aikatan kicin. Concetta ta fito da baƙar rigarta ta zuwa coci ta zauna a gaba.

Zammit ya naɗa kansa mai kula da na'ura. Ya riƙe rimot na biyu, ya wuce shafukan farko da sauri kamar mai tsallake garwashi. Gill ya dubi salatif, ya dubi rubutun allon.

"Akwatinku ya yi tafiya ne?"

"Ya waye ne," in ji Zammit.

Ni ce ta farko. Na wurga hannu, na ga ƙwallona ta nufi kwata kamar kullum. Tana dab da faɗawa sai ta yi tunani, ta karkato, ta dawo tsakiya, ta share kwalabe goma. Mutanenmu suka yi ihu. A nan ne akan nuno bencin 'yan kallo, amma Zammit ya danna ya tsallake.

"Kada a ɓata lokaci," in ji shi.

Concetta ta harare shi.

Ta farkon Tully ta wurga. Goma. Zammit ya ɗan yi tari, ya danna. Noreen ta wurga, goma. Na Tully, goma. Wani namu da ke gyangyaɗi aka sa masa rimot a hannu, ya yi atishawa, goma. Zagaye uku ba wanda ya bar kwalba ɗaya a tsaye, kuma duk lokacin Zammit na dannawa, gumi na bin wuyansa. Ya raɗa min, "Namu kaɗai na koya wa. Ban san yadda ta koyi nasu ba."

Da layi ya zo kan Gill, ya miƙe, ya gyara rawani, ya juya wa talabijin baya ya wurga hannu wajen taga. Goma. Ya jinjina kai. Ya ɗora rimot a kan tiren kek, ya koma ya zauna, ya kurɓi shayi. Ƙwallo ta tashi da kanta, ta gangara. Goma.

"Kek ɗin nan ya iya wasa," in ji Gill. "Malam Zammit, ara min naka rimot ɗin in gani."

"Ai na ma'aikata ne..."

Sesilia ta zare shi daga hannunsa ta baya. Wannan karon ba wanda ya tsallake komai, allo ya juya ya nuno benci.

Alfio ne a layin gaba, yana tsalle yana tafi. Na kusa da shi ma Alfio ne. Na bayansa Alfio. Benci shida cike da sanƙo da jar riga da gashin baki, suna tsalle tare. Mai riƙe da allon maki Alfio ne. Mai shara a gefe Alfio ne. Wanda ya wurga ƙwallon ya juyo yana ɗaga hannu, shi ma Alfio.

Concetta ta yi alamar gicciye. "Uwar Yesu," in ji ta.

Wata 'yar Tully ta tambaya ko ɗan siyasa ne. Noreen ta sa tabarau tana ƙirgawa da yatsa, ta ce sittin da huɗu. Dariya ta ɓarke, irin wadda ke sa a nemo wa mutane ruwa. Ana cikin haka allon ya yi ja, wani saƙo ya fito, karo na farko cikin kwana huɗu a yaren da muke ji: an gano an taɓa cikin wannan akwati, an yanke shi daga intanet har abada.

Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Zammit sai ya tura kekensa tsakiyar falo ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku shaida! Wannan shi ne zaluncin da nake faɗa! Wanda ya sayi abu shi ke da iko da shi. Ya buɗe, ya rufe, ya fasa, ya jefa wa kada a kogi ya haɗiye, ba ruwan kowa! A kan wannan zan tsaya har gaban babbar kotu!"

Noreen ta ɗauki cokali ta buga a jikin kofin shayi sau uku. Kafin Zammit ya san abin da yake yi, ƙirjinsa ya buɗe, ya daka tsawa: "Kowa ya miƙe!"

Waɗanda ke iya miƙewa suka miƙe.

"Na gode, masinja," in ji Noreen. "Koma wurin wanda ake tuhuma. Merv, abu uku ka dama a kwano ɗaya. Mutum ya buɗe kayansa, wannan magana ce da masu hankali ke jayayya a kai, kuma ni kaina ban ji daɗin takardar nan da ka karanta mana ba. Kwasar wasannin mutane kyauta, wannan daban. Koya wa ƙwallo hanya kuwa, ko a gidan yari sunansa maguɗi. Amma mu tsaya a kan taka. Ka ce wanda ya sayi abu shi ke da iko da shi?"

"Ko wuƙa aka ɗora min a wuya."

"Wa ya sayi wannan akwati?"

"Ai... na jama'a ne."

"Ban tambaye ka wa ke wasa da shi ba."

"Alfio," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Wa ya gaji Alfio?"

Zammit ya juya a hankali ya dubi Concetta.

"Kamfani ya ce kada a buɗe, ka ce ba nasa ba ne," in ji Noreen. "Mai shi ta ce kada ka taɓa, ka sa gwangwanin biskit. Kotu ta karɓi hujjarka gaba ɗaya. Mai kaya, bismillah."

Sesilia ta durƙusa kusa da Concetta. "Mama, akwai shago a Townsville da za su iya wanke shi ya koma kamar sabo. Sai dai komai na ciki zai tafi."

Concetta ba ta ɗauke ido daga talabijin ba. Jan saƙon ya gushe, Alfio sittin da huɗu sun dawo suna tafi.

"Ba wanda zai wanke min kowa," in ji ta. "Akwati nawa ne, haka nake son sa. Ku ɗauke shi ku kai ɗakina, da ƙaramar talabijin ta ɗakin wanki. Ku kuma ku nemi wani ku yi wasanku." Ta nuna Zammit da allurar saƙa. "Kai kuma, ko inuwarka ta gifta ƙofata, tumatir ɗin yana nan. Dulcie, yanko min kek. Babba."

Ta cinye yanka biyu.

Maganar kofi ba ta ɗauki lokaci ba. Noreen ta ce mun faɗi, Gill ya ce shi dama da shi ya zo, ya mayar da shi cikin jaka. Muka raka su mota kunya kamar ta kashe mu. Ana ɗora keken ƙarshe sai ga Zammit ya taho da gudu, iyakar gudun keken dogarawa, ya ƙwanƙwasa tagar da Gill yake. Gill ya sauke gilashi kaɗan.

"Ka dai gani da idonka," in ji Zammit yana haki. "Kamfani ya janye. Sun ce har abada, wato sun sallama. Ku ma naku akwatin yana cikin bauta a Tully. Yanzu na gane inda na yi kuskure, dalma ce ta yi kaɗan. Ranar Talata ba ni da komai."

Gill ya dube shi, ya ɗaga gilashi har sama, ya ce da direba wani abu. Muka ji ƙofofi sun kulle, ƙas. Motar da ta shigo tana rarrafe ta fita har tana watsa tsakuwa.

Zammit ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ya juyo yana murmushi.

"Kin ga saurin da yake yi, Dulcie? Zai je ya shaida wa mutanensa."